Yadda Shimfiɗar Ƙasar Arewacin Nijeriya Ta Samu

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Maiduguri ta Gusau da Zariya da Jos da Gombe da Biu, zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa sau da yawa. A Sakkwato fili ne shimfiɗaɗɗe, da ƙananan tuddai masu bajen kai kamar tebur. Daga Gusau zuwa Zariya sai ga manyan duwatsu masu sulɓi, irin su Kwatarkwashi da Kufena, sun tsaya ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki. Kafin ya shiga Jos hanya za ta miƙe sama, iska ta yi sanyi. Bayan Bauchi sai ya gangara ƙasar dutsen yashi ta Gombe, ya hau baƙaƙen duwatsun Biu, sa'an nan ya sauka filin Barno, inda mutum kan yi doguwar tafiya bai sami dutsen da zai jefi tsuntsu da shi ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da dalili, kuma dalilin yana binne a ƙarƙashin ƙasa. Shi ne ke sa a haƙa rijiyar burtsatse a wani gari ruwa ya yi ta bulbulowa, a kashe kuɗi iri ɗaya a wani garin a tashi a tutar babu. Shi ya ajiye kuza a Jos, zinariya a Anka, dutsen siminti a Kalambaina. Fannin kimiyyar da ke nazarin wannan al'amari shi ake kira jiyoloji, watau ilmin sanin duwatsu da tarihin ƙasa. Wannan maƙala za ta bi manyan abubuwan da suka gina ƙasar Arewa daki-daki, tun daga mafi daɗewa har zuwa na baya-bayan nan.

Masu Ɗagawa da Masu Zaizayewa

Ana iya kwatanta duniya da ɗan goruba. Akwai ɓawo siriri a waje, da tsoka mai kauri a ƙarƙashinsa, sa'an nan ƙodago a tsakiya, wanda galibinsa ƙarfe ne. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kimanin kilomita 6,370 ne, amma kaurin ɓawon a ƙarƙashin nahiyoyi yana wajen kilomita 35 kawai. Ita tsokar dutse ce, sai dai tsananin zafi ya sa tana motsi sannu a hankali, kamar kwaltar da rana ta gasa. Ɓawon kuwa, tare da saman tsokar, ya rarrabu zuwa manyan sassa kamar fasasshiyar ƙwarya. Waɗannan sassa su ake kira farantan ƙasa, kuma suna gusawa 'yan santimita kaɗan a shekara, gwargwadon yadda farcen mutum ke tsirowa. Inda faranti biyu suka yi karo, ƙasa kan lanƙwashe ta tashi ta zama tsaunuka. Inda suka rabu kuma, sai ta tsage ta lotsa, har teku ya sami hanyar shiga.

Wani masani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya fito da batun tafiyar nahiyoyi a shekarar 1912. Daga cikin hujjojinsa akwai yadda gaɓar Barazil ta dace da lungun tekun da ke kudu da Nijeriya, kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Masana ba su karɓi ra'ayin ba sai a shekarun 1960, bayan da binciken ƙarƙashin teku ya tabbatar da shi.

Wannan shi ne ƙarfin ciki, mai ɗaga ƙasa. Akwai kuma ƙarfin waje, watau ruwan sama da zafin rana da iska da koguna, waɗanda aikinsu shi ne ruɓar da dutse da kwashe shi daga tudu zuwa kwari. Daga aikin waɗannan biyu ake samun duwatsu iri uku. Na farko, duwatsun wuta, waɗanda narkakken dutse ne da ya huce ya daskare, kamar giranit, wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Na biyu, duwatsun shimfiɗa, waɗanda yashi ne da laka da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta hawa-hawa har suka taurara. Na uku, rikiɗaɗɗun duwatsu, waɗanda zafi da matsi suka sauya musu kama ba tare da sun narke ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci irin tsawon lokacin da ake magana a kai. Shekarun duniya kimanin miliyan 4,600 ne. Masana na auna shekarun dutse ta hanyar wasu ƙwayoyin ma'adini da ke cikinsa masu ɗauke da yuraniyom, wanda ke rikiɗa ya zama dalma a kan wani ƙayyadadden ma'auni da aka sani. Idan aka shimfiɗa shekarun duniya a kan titin Kano zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 230, kowace kilomita ɗaya za ta ɗauki shekaru miliyan 20. A wannan ma'auni, shekaru dubu na sarautar Kano tun daga Bagauda ba su wuce santimita 5 na ƙarshen titin ba, watau tsawon ɗan ƙaramin yatsa.

Tsohon Harsashi

Kamar yadda gini ke da harsashi, haka ƙasa ke da nata. Harsashin Arewa tsofaffin duwatsu ne rikiɗaɗɗu da na wuta, kuma su ne a fili a yawancin ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina ta kudu da Zamfara da Bauchi. A cikin garin Kaduna an sami dutsen da shekarunsa suka haura miliyan 3,000.

Babban abin da ya ba wannan harsashi siffarsa ya faru ne wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce, watau saura kilomita 30 a shiga Kaduna bisa ma'aunin titin nan. A lokacin, wani tsohon yankin ƙasa mai tauri, wanda a yau yake ƙarƙashin Ghana da Burkina Faso da Mali, ya yi karo da yankunan da ke gabas da shi. Tekun da ke tsakaninsu ya rufe, ƙasa ta naɗe ta tashi, aka sami jerin tsaunuka daga Sahara ta tsakiya har zuwa inda Barazil take, domin a lokacin nahiyoyin biyu a haɗe suke. A can ƙarƙashin tsaunukan, dutse ya narke, ya kutsa sama, ya huce a hankali ya zama giranit. Saboda jinkirin hucewar ne ƙwayoyinsa suka yi girma, har ana iya ganinsu da ido a jikin Dutsen Kufena. Wani masani ɗan Birtaniya, J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 a kan duwatsun Arewacin Nijeriya, shi ya raɗa musu sunan Tsofaffin Giranit.

Waɗancan tsaunuka babu su a yau. Ruwa ya zaizaye su ƙurmus, ya bar saiwoyinsu, kuma a kan saiwoyin ne ake noman dawa da auduga. A yammacin yankin, tsohuwar laka da yashi da karon ya matse sun zama dogayen jeri masu miƙewa daga arewa zuwa kudu, kamar na Anka da Maru da Birnin Gwari. Ruwan zafi da ya bi ta tsagoginsu ya bar jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara masu ɗauke da zinariya. Sai dai a wasu jijiyoyin, zinariyar tana cakuɗe da dalma mai yawa. A shekarar 2010 aka gano cewa niƙa irin wannan dutse a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya watsa ƙurar dalma, wadda ta yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400. Gwajin dutsen kafin a fara niƙa shi da ya nuna haɗarin.

Zobban Dutse da Kuzar Jos

Bayan dogon lokaci na kwanciyar hankali, sai wani sabon aman wuta ya ɓarke a wurare daban-daban, a jere daga arewa zuwa kudu. Yadda abin ke faruwa shi ne, narkakken dutse kan taru kusa da doron ƙasa, wani sashe nasa ya yi aman wuta. Idan ma'ajiyar ta ragu, sai rufinta ya tsage a kewaye ya nutse, kamar murfin da ya yi wa tukunya kaɗan ya faɗa cikin miya, miyar ta bulbulo ta gefe. Narkakken dutsen da ya cika kewayayyiyar tsagar shi ke daskarewa ya zama zobe. Bayan zaizaya ta kwashe dutsen mai aman wutan da ke sama, sai zoben ya fito fili a matsayin kewayen tsaunuka.

Akwai irin waɗannan zobba fiye da 50 a Nijeriya, kuma su ake kira Sababbin Giranit. Daga cikinsu akwai na Jos da Bukuru, da Ririwai, da Kudaru, da Ningi, da duwatsun garin Dutse. Abin lura shi ne shekarunsu na raguwa idan aka nufi kudu. Na Abzin a Jamhuriyar Nijar sun haura shekaru miliyan 400, na Damagaram suna wajen miliyan 300, na Dutse miliyan 213, na Afu a Jihar Nasarawa kuwa miliyan 141.

Taurin wannan giranit, da ɗagawar da yankin ya samu daga baya, su suka samar da tsaunin Filato, wanda tsayinsa ke wajen mita 1,280 daga saman teku, ƙololuwarsa kuma a duwatsun Shere ta kai mita 1,829. Tsayin ne ya kawo sanyi da yawan ruwan sama, ya mai da yankin mafarin koguna. Kogin Kaduna ya gangara zuwa Kwara, Gongola ya zagaya ya faɗa Binuwai a Numan, Dilimi kuma ya bi ta Jama'are ya nufi Tafkin Chadi.

A ƙarshen hucewar giranit ɗin, tururi mai zafi ya bar ma'adinin kuza da kolumbayit a cikin dutsen. Kuza tana da nauyi kuma ba ta ruɓewa, saboda haka da dutsen ya ruɓe sai ta taru a gindin rafuka, inda ake wanke ta da ƙwarya. Maƙeran Ririwai sun daɗe suna narka ta kafin zuwan Turawa. Kamfanonin Turawa sun fara haƙa a farkon ƙarni na 20, har aka ja layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914. A wajen haƙar kuza ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928. Kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, amma ɗaruruwan kududdufan da haƙar ta bari suna nan a kewayen Jos da Bukuru da Barikin Ladi.

Lokacin da Afirka Ta Kusa Tsagewa

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai ga Kwara da Binuwai sun haɗu a Lakwaja kamar reshen bishiya. Ba haka kawai kogunan suka zaɓi hanyoyinsu ba. Fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, Kudancin Amurka ta fara rabuwa da Afirka. Tsagewar ta yi rassa uku daga lungun tekun da ke kudu da Nijeriya. Biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama Tekun Atlantika. Na ukun, wanda ya nufi arewa maso gabas, ya buɗe kaɗan ya tsaya. Wannan reshe shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon kimanin kilomita 1,000. Da ya ci gaba da buɗewa, da teku ne tsakanin Jos da Kamaru.

Da kwarin ya lotsa, koguna suka yi ta zuba yashi a cikinsa, wanda ya zama dutsen yashi irin na Dutsen Bima kusa da Gombe. Daga baya, wajen shekaru miliyan 95 da suka wuce, teku ya shigo ta kudu ya haɗu da wani tekun da ya ratso Sahara daga arewa. A ƙarƙashin wannan ruwa mara zurfi ne dutsen farar ƙasa na Ashaka ya kwanta, kuma har yau ana samun ɓawon dodon-koɗin teku da ya zama dutse a cikinsa. A wasu wurare kaurin abin da ya taru a kwarin ya kai kilomita 5. Wajen shekaru miliyan 85 da suka wuce kuma, matsi ya zo daga gefe ya lanƙwasa shimfiɗun, kamar yadda tabarma ke tattarewa idan aka tura ta da bango.

Dukiyar kwarin ta fito ne daga wannan tarihi. Gishirin Keana da Awe, da kwal na Maiganga wanda tsofaffin dazuzzukan fadama ne da aka binne, da tozalin Zurak, da man fetur da aka ba da sanarwar samu a Kolmani a 2019, duk 'ya'yansa ne. Haka kuma maɓuɓɓugar Wikki ta gandun dajin Yankari, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, daga cikin dutsen yashi take fitowa.

Teku a Sakkwato

A arewa maso yamma ma ƙasa ta lotsa ta zama wani ƙaton kwano, wanda mafi yawansa yana cikin Nijar da Mali, gefensa na kudu kuma shi ne ƙasar Sakkwato da Kabi. Teku ya shigo wannan kwano daga arewa fiye da sau ɗaya. Shigowarsa ta wajen shekaru miliyan 70 da suka wuce ta bar lakar da ake gani a Dukamaje, inda aka tono ƙasusuwan kifaye da kunkuru da kadoji, da na wani ƙaton ƙadangaren teku wanda masana suka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Shigowa ta wajen shekaru miliyan 60 ta bar dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda masana'antar siminti ta Sakkwato ke aiki da shi tun 1967, da kuma dunƙulen fosfat na yankin Dange da Shuni, wanda ake haɗa takin zamani da shi. Ɗalibin Sakkwato da ya tsinci ɓawon halittar teku a cikin farin dutse, alhali yana nesa da gaɓar teku da kilomita ɗari-ɗari, ya riƙe shaidar wannan tarihi a hannunsa.

Aman Wuta na Baya-bayan Nan

Ƙarfin ciki bai daina aiki ba bayan janyewar teku. Wani jerin duwatsu masu aman wuta ya taso daga tsibiran Atlantika ya ratsa Kamaru, rassansa suka shigo Nijeriya. Tsaunin Biu, mai faɗin murabba'in kilomita 5,000, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare ya zama baƙin dutsen da ake kira basalt. Aikin ya fara wajen shekaru miliyan 5 da suka wuce, kuma akwai ƙananan duwatsun aman wuta kimanin 80 a kansa. Tafkin Tilla bakin ɗaya daga cikinsu ne da ruwa ya cika. A Filato ma akwai irinsu a yankin Panyam da Kerang, tare da tafkin Pidong. Basalt idan ya ruɓe yakan ba da ƙasa mai albarka, abin da ya taimaka wa noman dankalin Turawa a wannan yanki. Dutsen Wase kuwa, mai tsayin kusan mita 300, maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutse ya daskare a cikinsa, zaizaya ta cinye gangar jikin ta bar toshiyar a tsaye.

Wannan jeri yana da sauran rai a Kamaru. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos ya saki iskar kabon dayoksaid da ta taru a ƙasansa, ta halaka mutum 1,746. Ruwan yankin yana gangarowa ta Kogin Katsina-Ala, kuma tsoron ɓallewar bakin tafkin yana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba. Ita Nijeriya tana nesa da iyakokin farantan ƙasa, shi ya sa ba ta fama da manyan girgizar ƙasa. Duk da haka tsofaffin tsagogin harsashinta kan ɗan motsa, kamar yadda aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018.

Aikin Ruwa da Rana

Me ya sa Kufena da Kwatarkwashi da Zuma suka tsaya su kaɗai a fili? Amsar tana cikin tsagogi. Ruwan sama mai ɗumi yana bin tsagogin dutse ya shiga ƙasa, ya ruɓar da ma'adinansa su zama yumɓu da yashi. Inda tsagogin suke da yawa, dutse kan ruɓe har zurfin mita 30 ko fiye. Inda suke kaɗan, sai ya zauna da taurinsa a binne. Daga baya ruwa ya kwashe ruɓaɓɓen sashen, mai taurin ya fito fili. Da nauyin da ke danne shi ya kau, sai ya riƙa ɓarewa hawa-hawa kamar albasa, har ya zama mulmulalle. Inda tsagogin suka yanka dutse murabba'i-murabba'i, ruwa kan cinye kusurwoyin, a sami manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar an jera su da hannu, irin na Riyom.

Sauyin damina da rani ya haifar da wani abu kuma. Da damina ruwa kan narkar da ƙarfen da ke cikin ruɓaɓɓen dutse, da rani kuma ƙarfen ya taru ya bushe. A hankali sai ya zama marmara, wadda ke taurara idan ta sha iska. Marmara kan zama hula ga tudu, ta kare abin da ke ƙarƙashinta yayin da ƙasar da ke kewaye ke zaizayewa. Dala da Gwauron Dutse a Kano haka suka samu, watau kawunansu ragowar tsohon doron ƙasa ne. Tamar da ke cikin marmarar Dala ita ta jawo maƙera, kuma an sami shaidar narka ƙarfe a gindin dutsen tun ƙarni na 7 na Miladiyya.

Yashi da Tafkin Chadi

Arewa maso gabas ma kwano ne, wanda koguna da tafkuna suka cika da yashi da laka har suka binne harsashin da nisa. Shi ya sa dutse ke wuya a Barno. Siffar saman kwanon kuwa sauyin yanayi ne ya tsara ta. Wajen shekaru 20,000 da suka wuce an yi tsananin fari, hamada ta gangaro kudu, iska ta jera tuddan yashi har cikin ƙasar Haɗeja. Waɗannan tsofaffin tuddai su ne jigayin da ake noman gero da gyaɗa a kansu. Su ne kuma ke tare Kogin Haɗeja su rarraba shi, har aka sami dausayin Haɗeja da Nguru.

Daga baya ruwa ya dawo. Wajen shekaru 7,000 da suka wuce, faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin faɗin Nijeriya. Dogon tudun yashin da ya ratsa Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai tsawon fiye da mita 8 da shekaru kimanin 8,000, shaida ce ta wancan zamani na yalwar ruwa. Baƙar lakar firgi da ake dasa masakwa a kanta, ƙasan tsohon tafkin ce. A 1963 faɗin tafkin murabba'in kilomita 25,000 ne, ya ragu zuwa wajen 2,000 a farin shekarun 1980, sa'an nan ya ɗan farfaɗo. Wani busasshen sashe na tsohon tafkin, kwarin Bodele a ƙasar Chadi, shi ne babban tushen ƙurar hunturu, wadda ke sauka a gonakin Kano da Zariya da Funtuwa kowace shekara tana ƙara musu lallausar ƙasa.

Inda Ruwa Yake

Amfanin wannan ilmi ya fi fitowa fili a wajen neman ruwa. A ƙasar harsashi, dutse ba shi da ƙofofin da zai riƙe ruwa, sai a cikin ruɓaɓɓen sashe na sama da kuma tsagogi. Saboda haka rijiyoyi biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ta dace da tsaga ta yi ruwa, ɗaya ta faɗa kan falalen dutse ta bushe. Wannan ne dalilin auna ƙasa da na'urar lantarki kafin a kawo injin haƙa, kuma shi ne dalilin da ya sa manyan biranen yankin suka dogara ga madatsun ruwa, kamar Tiga da aka kammala a 1974 da Challawa a 1992.

A cikin kwanonin Sakkwato da Chadi kuwa, dutsen yashi na shan ruwa kamar soso. Inda laka ta rufe shi ta sama, ruwan kan kasance a matse, har idan aka huda ya taso da kansa ba tare da famfo ba. An haƙa irin waɗannan rijiyoyi da yawa a Barno daga ƙarshen shekarun 1950. Da yake an bar da dama daga cikinsu suna zuba dare da rana, ƙarfin matsin ya ragu, wasu suka daina tasowa. Galibin ruwan ya shiga ƙasa ne tun zamanin yalwar ruwa, dubban shekaru da suka wuce, kuma daminar yau ba ta mayar da gurbin abin da ake ɗiba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙasar Arewa ta ginu ne a kan tsohon harsashi wanda karon nahiyoyi ya ƙera, zobban giranit suka huda shi, tsagewa da lotsawa suka samar da kwaruruwa a gefensa, aman wuta ya yi masa ƙari, ruwa da iska kuma suka sassaƙa samansa. Aikin bai ƙare ba. Jan ruwan da ke gudu a kwata bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasa ce yake ɗauke da ita zuwa kwari. Sai dai ƙasar noman da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta samu, damina kaɗan kan isa su kwashe ta idan aka sare itatuwa aka bar gangare tsirara.

Aikin Aji

1. Malami na iya sa ɗalibai su zuba tsakuwa da yashi da laka a kwalba, su cika da ruwa, su girgiza, su ajiye har kwana ɗaya, sa'an nan su zana yadda abubuwan suka kwanta. Wanne ya fara sauka, kuma don me?
2. A ɗiga ruwan lemon tsami a kan gutsuren dutsen farar ƙasa da na giranit. Wanda ya yi kumfa shi ne farar ƙasa.
3. A kai ɗalibai bakin ramin da ake ɗibar ƙasar gini, su lura da hawa-hawan da ke jikin bangonsa daga sama zuwa ƙasa. A tsaya daga nesa da baki, kada kowa ya shiga ramin.
4. Bisa ma'aunin titin Kano zuwa Kaduna, a lissafa saura kilomita nawa a shiga Kaduna lokacin da dutsen Kalambaina ya kwanta, da kuma saura santimita nawa lokacin da Tafkin Chadi ya kai Bama.
5. Ɗalibai su tambayi masu haƙar rijiya na garinsu a gaba nawa suke cim ma ruwa, da irin ƙasar da suke ratsawa kafin su kai gare shi, sa'an nan su faɗi ko garin yana kan harsashi ne ko a cikin kwano.